Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo A Kan 'Yan Ƙwallo Da Karatunsu

Zuwa ga Shehun Malami, Shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo,
Mazaunin Jami'a na Dindindin, Dundaye, Sakkwato.



Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da mai riƙe da amanar ilmi a birnin Shehu, tare da fatan alheri gare ka da iyalinka da malaman da ke taya ka ɗaukar wannan kaya, ina neman izini, Allah ya gafarta Malam, in yi magana a kan wani al'amari wanda da yawa daga cikin manyanmu za su ga bai kai a ɓata tawada dominsa ba, watau ƙwallon ƙafa da samarin da ke buga ta da sunan jami'a. Na zaɓi in rubuto a fili inda kowa zai karanta, domin mas'alar ta haɗa iyaye da malamai da masu horarwa, kuma domin abin da zan roƙa ƙa'ida ce, ita kuwa ƙa'ida amfaninta ba ya cika sai kowa ya san da zamanta. Ban zo da ƙarar kowa ba a wannan gida naka. Shawara na kawo tun kafin buƙatarta ta matsa.

Duk wanda ya bi ta gefen filin wasa a nan Dundaye bayan sallar La'asar, musamman a watan Afrilu lokacin da ma'aunin zafi kan haura 40 har ƙasa ta riƙa huci kamar an sauke tukunya, zai ga abin da nake nufi. Zai ga ɗalibi ya fito daga lacca da littafinsa a cikin leda, ya ajiye shi a gindin turken raga, ya ɗora takalminsa a kai don kada iska ta kwashe takardun, ya ɗaure igiyar takalmin ƙwallo wanda dunduniyarsa ta sha ɗinki wajen baduku, ya shiga fili bai sa komai a cikinsa ba tun kokon safe. A bakin layi kuwa ga yaran ƙauyukan da ke kewaye da jami'a, wasu daga Kwalkwalawa suka tako, ƙafafunsu fari fat da ƙura, suna jiran ƙwallo ta fita waje su yi tseren ɗauko ta, kowannensu yana kallon wancan ɗalibi da idon da ake kallon wanda ya riga ya isa. Waɗannan samari masu buga wasa su ne kaɗai ɗaliban da jami'a kan sa wa rigarta, ta zuba su a mota, ta aika su wani gari su tsaya a madadinta a gaban jama'a, saboda haka abin da ya same su a aji bayan sun dawo ya zama abin da ya wajaba shugabanni su duba.

Wasannin jami'o'i ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, gama tun 1966 aka fara gasar NUGA a Ibadan, shekara tara kafin a kafa wannan jami'a a 1975. Amma abin ya sake kama tun daga 2018, sa'ad da aka buɗe gasar ƙwallon manyan makarantu da ake kira HiFL, wadda kamfanoni suka zuba wa kuɗi, aka riƙa nuna ta ana yayata ta, kowace jami'a ta raɗa wa ƙungiyarta suna na alfahari, tamu kuma aka kira ta UDUS Sultans. Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ce ta ɗauki kofin farko, Kalaba ta bi ta a 2019, kana a 2021 Jami'ar Maiduguri ta dawo da shi Arewa, abin da ya nuna cewa nisa da ƙarancin kayan aiki ba su hana yaranmu. To, ba wanda zai zargi Basakkwace idan ya ce me zai hana mu ma, ni kaina ina cikin masu faɗin haka. Sai dai a duk inda suna da kuɗi suka shiga wasa, kwaɗayin nasara kan shigo tare da su, shi kuwa kwaɗayin nasara idan bai tarar da iyaka a rubuce ba, yakan yi wa kansa hanya ta cikin ofishin jarrabawa.

Ina so in kau da wata shubuha tun da wuri, kada a ɗauke ni cikin waɗanda ke ganin motsa jiki lagawu ne da bai kamaci ɗalibin ilmi ba. Ya tabbata a cikin ingantattun ruwayoyi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma ya shirya sukuwa tsakanin dawaki, har malami kamar Ibnul Ƙayyim ya keɓe littafi guda, Alfurusiyya, a kan hawa da harbi da hukuncin gasa. Malaman da suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804 masu alƙalami ne, amma da ranar yaƙin Tabkin Kwatto ta zo, Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda babban ɗakin karatun jami'arka ke ɗauke da sunansa, shi ne a gaban runduna. A zamanin Turawa ma Kwalejin Katsina ba ta raba aji da fili ba, kuma sananne ne yadda Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe wasan fayis tun yana ɗalibi har ya zama Firimiya. A ranar 22 ga Maris 1980, da Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa 'yan wasan Nijeriya kofin Afirka a Legas bayan sun ci Aljeriya uku ba ko ɗaya, a cikin waɗanda suka karɓa akwai Segun Odegbami wanda ya karanta injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan, akwai kuma Adokiye Amiesimaka wanda ya karanta lauya a Jami'ar Legas har daga baya ya zama Antoni Janar na Jihar Ribas. Haɗa karatu da ƙwallo, ke nan, abu ne mai yiwuwa, an yi an gani. Tambayar ita ce da wane sharaɗi.

A nan ne labarin Amurka yake da amfani gare mu, domin babu ƙasar da ta kai ta nisa a wannan hanya, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tasu ƙwallon daban take da tamu, runguma ake yi a ruga da ita ana bangaje juna, amma jami'o'i ne suka raine ta har ta fi ƙarfinsu: filin Jami'ar Mishigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000, kuma a jihohi da dama mai horar da 'yan ƙwallon jami'a shi ne ma'aikacin gwamnati mafi yawan albashi, ya fi gwamna, ya fi shugaban jami'ar da ta ɗauke shi. Tun a 1905, shekarar da jaridunsu suka ƙirga mutuwar 'yan wasa 18, sai da Shugaba Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa, aka kafa a 1906 hukumar da ta zama NCAA don ta sa wa abin linzami. Fiye da shekara ɗari ke nan tana ja, dokin yana fizgewa. A 1989 wani gwarzon ɗan wasa, Dexter Manley, ya tsaya gaban Majalisar Dattawan ƙasar ya bayyana cewa ya yi shekara huɗu a Jami'ar Jihar Oklahoma alhali bai iya karatu ba sai abin da ba a rasa ba. A 2014 kuma bincike ya tono cewa a Jami'ar Karolina ta Arewa, makaranta mai daraja ƙwarai, an shafe shekara 18 ana rajistar ɗalibai a wasu darussa da babu lacca babu malami, sai takarda guda da za a miƙa a ba da maki mai kyau, ɗalibai wajen 3,100 suka bi ta wannan kafa, kusan rabinsu 'yan wasa ne da ake so makinsu ya kai su ci gaba da bugawa. Abin lura, ranka ya daɗe, shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan makarantu da ta zauna ta yanke shawarar sayar da mutuncinta. Da alfarma ɗaya aka fara, ga yaro ɗaya, saboda wasa ɗaya da ake ganin ba za a iya rasa shi ba.

Mu a nan ba mu da irin wannan dukiya, amma cutar ba ta jiran arziki, kuma tana da fuska biyu da duk wanda ya taɓa raka ƙungiyar makaranta ya san su. Ta farko ita ce sojan haya: a je cikin gari a ɗauko ɗan wasan kulob wanda bai taɓa zama a aji ba, a buga masa katin shaida, a haddace masa sunan sashe da lambar rajista, a tura shi fili. Shi ya sa a kowace gasar makarantu ranar tantancewa ta fi ranar wasa zafi, ƙorafi kan ƙorafi. Kada mu yi mamaki, domin daga sama aka koya: a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara biyu daga gasannin matasa saboda saɓanin ranar haihuwar wasu 'yan wasa, ta kuma ƙwace mana baƙuncin gasar 1991, sa'an nan a 2016, muna riƙe da kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17, na'urar da ke ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu ta kayar da yara 26 daga sansani, maƙwabtanmu na Nijar kuwa suka fitar da mu daga gasar. Ƙungiyar da aka laƙaba wa sarautar Sarkin Musulmi ba ta da uzurin shiga wannan sahu, ko da kowa ya shiga.

Fuska ta biyu ta fi ɓoyuwa, ta kuma fi muni, ita ce alfarmar maki. Yaron ɗalibi ne na gaske, amma ya faɗi darasi, gasa kuwa ta ƙarato, sai a aika wa malami cewa a duba masa, ai yaronmu ne, shi ne mai ci mana ƙwallo. A nan nake so in daɗe kaɗan, domin a garin nan mun gaji wata fahimta game da shaidar ilmi wadda ta girmi jami'a. Malaman da suka gabata ba su ba da ijaza sai ga wanda ya zauna gabansu ya karanta littafin, suka saurara, suka gyara, suka gamsu, domin ijaza shaida ce da malami ke bayarwa a gaban Allah cewa wane ya ɗauki abu kaza daga gare ni, kuma duk wanda zai ɗauka daga gare shi nan gaba ya dogara ne da wannan shaida. Shi ya sa Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi, ya jera malamansa da abin da ya karanta wurin kowannensu, don kada sanadi ya yanke ko a shigar da wanda ba ya ciki. Takardar digiri da kake sa wa hannu a ranar yaye ɗalibai jikanyar wannan ijaza ce, kuma makin da malami ke rubutawa a takardar sakamako shi ne tubalinta. Idan aka rubuta 45 a inda yaro ya sami 30, an yi shaidar zur, wadda malamai suka lissafa cikin manyan kaba'irai, kuma wanda zai biya bashin ba ya cikin filin wasa ranar da ake murna: shi ne ɗan firamaren da wannan mai digiri zai koyar, ko manomin da zai ba shawarar taki, ko majinyacin da zai auna wa magani. Shi kansa yaron an cuce shi, gama an karɓi ƙuruciyarsa da gwiwoyinsa, an biya shi da takardar da ba za ta tsaya masa ba ranar da aka ce ya nuna abin da ya sani.

Amma da zan tsaya nan, da na yi rabin adalci, domin zaluncin da ya fi yawa a makarantunmu kishiyar wannan ne, kuma a ganina shi ne ke haifar da wancan. A wata babbar makaranta da ba zan ambaci sunanta ba, na san wani yaro ɗan talakawa, mai tsaron gida, wanda aka ɗauka cikin tawaga zuwa kudu. Kwana biyu suka yi a hanya cikin motar da ta lalace sau da dama, suka kwana a kan tabarma a wani aji, suka buga wasa, suka juyo. Ya iso da asuba, idanunsa jawur, yatsansa ɗaya a kumbure an naɗe shi da tsumma, ya wuce kai tsaye sashensu, sai ya tarar an yi gwajin tsakiyar zango tun jiya. Ya je wurin malamin da takardar ofishin wasanni a hannu, mai hatimi da sa hannu. Malamin ya karanta, ya miƙa masa abarsa, ya ce shi bai aike shi ba, wanda ya aike shi ya ba shi maki. Yaron ya fita ya zauna a kan dakalin ƙofar sashe, yana ta ninke takardar yana warwarewa har ta yage a tsakiya. Darasin ya zama masa kari-oba, kari-oba ta ja masa ƙarin shekara, mahaifinsa kuwa, wanda ya sayar da tumaki ya biya rajista, ya rantse ba zai ƙara taɓa ƙwallo ba. Ban ga laifin malamin gaba ɗaya ba, domin babu wata doka a rubuce da ta ce masa ga abin da zai yi, kuma ya sha ganin masu fakewa da wasa don gudun karatu. Laifin na tsarin da ya aiki yaro da hannun dama ya hukunta shi da hannun hagu ne. Idan ɗalibai na gaske suka ga haka suka janye, mai horarwa kuma aka ce masa lalle ya kawo kofi, ina zai nufa in ba cikin gari wurin sojan haya ba?

Mutane sukan ce taura biyu ba ta taunuwa, gaskiya ne kuwa idan lokaci guda aka cusa su. Kakanninmu da suka riƙi kokawa da dambe da muhimmanci ba su taɓa buga gangar fili ana tsakiyar noma ba, sai an yi girbi an ɗaure dammuna an kai rumbu, sa'an nan samari su fito dandali, ba a taɓa jin kuma an ce kokawa ta hana gero nuna ba. Abin da nake roƙo na farko bai wuce wannan ba: Majalisar Malamai ta jami'a ta zauna da ofishin wasanni tun farkon shekara a aza jadawalin wasa a kan jadawalin karatu, a hana kowace tafiya a makonnin da ke gab da jarrabawa, a raya al'adar nan da jami'o'i da yawa suka sani ta barin yammacin Laraba babu lacca, kuma kai da takwarorinka shugabannin jami'o'i ku gaya wa masu shirya gasa cewa ranakunsu su bi namu. Wannan ya ƙara zama wajibi tun da yajin aiki ya rikita lissafi, kamar na 2022 da ya ci wata takwas, har ya zama zangon wata jami'a yana farawa lokacin da na wata ke ƙarewa. Mu kuma a Sakkwato muna da ƙarin dalili, domin daga nan zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, wasan minti 90 yakan cinye wa ɗalibinmu kusan mako guda, ga zafi, ga azumi idan ya faɗo cikin zango.

Sai kuma a rubuta, a cikin littafin dokokin da ake raba wa kowane ɗalibi da kowane malami, cewa wanda jami'a ta aika da takarda daga ofishin Magatakarda yana bakin aikin jami'a ne, ranakun tafiyarsa ba za a lissafa su cikin fashin da ke hana shiga jarrabawa ba, kuma gwajin da ya wuce shi za a sake masa cikin kwanaki ƙididdigaggu. Ina jaddada cewa a sake masa gwajin ne da irin nauyinsa, ko ma da tambayoyi sababbi, ba tare da rangwamen maki ko ɗaya ba. Sauƙi a lokaci halal ne, sauƙi a ma'auni shi ne haram, kuma duk rikicin da ke cikin wannan babi daga cakuɗa waɗannan biyu yake tasowa. Haka nan sunayen 'yan wasa kada su fita daga jami'a sai Magatakarda da jami'in jarrabawa na kowane sashe sun tabbatar da su, domin bai kamata a bar mai horarwa ya zama shi ne mai nema kuma shi ne mai shaida ba. Wanda makinsa ya sauka ƙasa da haddin da Majalisa ta yanke, a ajiye shi zango guda, a haɗa shi da wani daga ɗaliban babban digiri ya riƙa yi masa muraja'a da dare, ladan mai koyarwar kuma ya fito daga kasafin wasanni, tun da wanda ya ci ladan kuturu shi ke yi masa aski. Abinci bayan atisaye da jinyar wanda ya karye a asibitin koyarwa na jami'a, waɗannan ba sai na tsawaita ba.

Akwai mas'ala guda da na fi jin nauyinta, ita ce ta shiga jami'a tun farko. Za a kawo maka yaro daga Gidan Madi ko Illela ko nan cikin Dundaye, wanda Allah ya ba ƙafa, amma makarantar da ya fito ba ta da malamin lissafi, sakamakonsa bai cika ba, makinsa na JAMB bai kai ba, a ce a ɗauke shi don ƙwallo. Zuciya tana karkata gare shi, domin ba shi ya zaɓi makarantarsa ba. Amurkawa sun yi wannan muhawara da zafi bayan dokar da suka fara aiki da ita a 1986, wadda ta gindaya mafi ƙarancin maki kafin sabon ɗalibi ya buga wasa, masu suka suna cewa 'ya'yan talakawa da baƙar fata ta fi rufe wa ƙofa, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Duk da haka ra'ayina shi ne kada a sassauta sharaɗin shiga saboda ƙwallo, domin wanda aka shigar ta taga zai buƙaci a riƙa buɗe masa taga kowane zango har ya fita. Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce karatun share fage: a ɗauki irin wannan yaro shekara guda, a nemo masa mai ɗaukar nauyi cikin attajiran garin nan da ke son wasa, ya gyara sakamakonsa yana atisaye da 'yan'uwansa, amma ba zai sa rigar jami'a a gasa ba sai ranar da ya shiga ta ƙofar da kowa ya bi. Idan ya kasa, ya tafi da ilmin shekara guda da bai da shi a da, ga kuma Sokoto United da filin Giginya ba su rufe ba.

Game da mai horarwa kuwa, mutum yakan yi aiki ne gwargwadon abin da ake auna shi da shi. Idan kofi kaɗai ake tambayarsa, kofi zai nemo ta kowace hanya. Hukumar wasannin jami'o'in Amurka, bayan ta sha wuya, ta koma auna kowace ƙungiya da yawan 'yan wasanta da ke ci gaba da karatu, wadda ta gaza kuma a hana ta shiga wasannin ƙarshen kaka ko da ta fi kowa iya wasa. Ta kuma iyakance atisaye ga awa 20 a mako, ko da yake binciken ita hukumar da kanta ya nuna 'yan ƙwallon manyan jami'o'i sukan ba wasan ninkin haka, abin da ke tuna mana cewa rubuta doka daban, tsare ta daban. Mu ba mu buƙatar lissafi mai wuya. Ya isa a ce kowace shekara, a cikin jawabinka na bikin yaye ɗalibai, inda ake faɗin yawan masu digiri mai daraja ta ɗaya, a ƙara layi guda: cikin waɗanda suka buga wa jami'a wasa shekaru huɗu ko biyar da suka wuce, mutum kaza ne suka kammala, kaza suna nan, kaza sun bari. Ranar da aka fara karanta wannan adadi a gaban Uban Jami'a da iyaye, mai horarwa zai fara tambayar yaransa labarin aji kafin ya tambaye su labarin gwiwa.

Wajibi ne kuma malamin da ya ƙi yin alfarma ya san kana bayansa. A Jami'ar Jojiya ta Amurka wata malamar Turanci, Jan Kemp, ta yi ƙorafi cewa an haye da 'yan ƙwallo tara da suka faɗi darasi don su buga wani babban wasa, sai aka rage mata matsayi, daga baya aka kore ta. Ta kai ƙara, kotu ta ba ta gaskiya a 1986, aka mayar da ita bakin aiki, shugaban jami'ar kuma ya ajiye muƙaminsa. Ƙaramin malami a wurinmu, mai jiran ƙarin girma a hannun wanda ya aiko masa da saƙon, ba shi da ƙarfin zuwa kotu, kuma kunya irin tamu takan hana shi ce wa babba a'a. Abin da zai tsare shi shi ne ya ji daga bakinka, a gaban Majalisa, cewa duk wanda aka nemi ya canza maki saboda wasa ya kawo maganar ofishinka kai tsaye, mai neman ne zai amsa tambaya.

Na san abin da za a ce: idan muka tsare duk wannan alhali wasu ba su tsare ba, za a riƙa cin mu. Mai yiwuwa ne, shekara ɗaya ko biyu ko fiye, ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Jami'ar Shikago, da ta ga ba za ta iya riƙe duka biyun ba, sai ta rufe ƙungiyarta ɗungum a 1939 bayan ta sha ɗaukar kofuna, ni kuwa ban ba da shawarar haka ba, domin fili yana tarbiyyar da aji ba ya yi, kuma samarin da ba su da wurin zubar da ƙarfinsu mun ga inda sukan kai shi. Abin da nake cewa shi ne a yi lissafin da idon basira. Garin nan ya fitar da Shehu Abdullahi, wanda ya ci tagulla a gasar Olamfik ta 2016 ya kuma je gasar cin kofin duniya a 2018, muna alfahari da shi, amma a faɗa mini nawa ne irinsa cikin dubban da suka taso tare da shi a filayen unguwa. A Amurka ma, inda aka mayar da jami'a gonar ƙwararru, waɗanda ke kaiwa babbar gasar ƙwararru ba su cika biyu cikin ɗari ba. Sauran, a can da nan, da takardarsu da abin da ke cikin kansu za su ci abinci shekara arba'in bayan an manta wa ya ci wa.

Don haka nake roƙon ka, Allah ya ƙara maka lafiya, ka sa a kafa ɗan ƙaramin kwamiti wanda zai haɗa Magatakarda da Shugaban Harkokin Ɗalibai da Daraktan Wasanni da malamai biyu daga tsangayoyin da karatunsu ya fi cin lokaci, kamar likitanci da aikin gona, a sa kyaftin ɗin ƙungiya a ciki domin shi ya san inda takalmin ke matsa, a ba su zango guda su kawo daftarin ƙa'ida gaban Majalisa kafin a sake fitar da tawaga. Idan an amince da ita, a manna ta a allon sanarwa na kowane sashe, a kuma karanta ta da Hausa a rediyo domin iyayen da ke ƙauye su ji sharaɗin da aka ɗauki 'ya'yansu a kansa.

Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora. Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Dundaye, Sakkwato.